Keken Baba da Jakin da Muka Sayar





Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wani baƙin keke ƙirar Raleigh da ya shekara goma sha ɗaya a rataye a bangon zauren gidanmu, tayoyinsa sun sace, kacarsa ta yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a ƙarƙashin sirdinsa. Na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Ya saye shi da albashinsa na malamin firamare a cikin shekarun 1970, lokacin da ake harhaɗa irin waɗannan kekuna a Kano, kuma a kansa ya yi kusan dukan rayuwarsa ta aiki: shi ne makaranta, shi ne masallacin Juma'a, shi ne zuwa Zuru karɓar albashi, shi ne ta'aziyya da suna da ɗaurin aure. Duk wanda ya shigo zauren yana ganinsa, amma babu wanda ya taɓa tunanin sauke shi, har da ni, sai da wani dare na daminar 2023 ya zo ya tona mana asiri.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, tafiyar kamar kilomita tara daga inda kwalta ta ƙare. Wanda bai san yankin ba zai ɗauka duk Kebbi fadama ce da shinkafa irin ta Argungu, alhali ƙasarmu ta duwatsu ce da kwazazzabai da ƙoramu, waɗanda da rani za ka tsallake su ko takalminka bai jiƙe ba, da damina kuwa sai su cika su batse cikin sa'a guda su raba gari da gari. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, kuma manyan hanyoyin da suka ratsa ta ba su da yawa: wadda ta fito daga Kontagora ta biyo Rijau, da wadda ta taso daga Koko ta bi Mahuta zuwa Dabai, da wadda ta nufi Ribah da Wasagu. Mafi yawan jama'a ba a bakin waɗannan hanyoyi suke zaune ba. Suna can ciki, inda ake noma dawa da masara da wake da gyaɗa, inda buhu ba ya isa kasuwa sai wani ya ɗauke shi ya kai shi bakin titi.

Saboda haka idan na karanta abin da mutanen Turai ke rubutawa a kan yadda mazauna karkara za su rage dogaro da mota, sai in yi murmushi. Su damuwarsu ita ce kowane gida yana da mota biyu, suna neman hanyar ajiye ɗaya. Mu a ƙauyenmu, tun da na yi wayo, motar da ke shigowa ita ce akori-kura mai zuwa da kaka ta kwashi hatsi, ita ma sai ƙasa ta bushe. Amma da na ƙara tunani sai na ga ciwon ɗaya ne, sunansa kawai ya bambanta. Su sun rataya rayuwarsu a kan mota, mu mun rataya tamu a kan babur, kuma da motar da babur ɗin man fetur suke sha.

Ina yaro, gidanmu yana da hanyoyin tafiya huɗu. Akwai ƙafa, wadda ita ce ta Inna da sauran mata, da gammo da kaya. Akwai keken Baba. Akwai jaki, wanda Kawu ke kula da shi, shi ke kai taki gona cikin mangala, shi ke ɗauko dawa bayan girbi, shi ke zuwa rafi da jarkoki. Sannan akwai amalanken shanu na wani maƙwabcinmu, wanda ake haya idan kaya sun fi ƙarfin jaki. Kowanne da aikinsa, kuma in ɗaya ya gaza akwai wani. Sai babura masu araha suka fara kwararowa daga Sin da Indiya, Jincheng da farko, daga baya Boxer, kabu-kabu ya zama sana'ar kowane saurayi. Ba zan yi wa babur butulci ba. Ya gajarta nesa, ya kai marasa lafiya asibiti, ya ciyar da gidaje masu yawa. Tafiyar da Baba ke yi cikin minti arba'in da gumi, babur yana yin ta cikin kwata.

Laifina a nan yake. Da na fara aiki a birni, kuɗin farko mai ɗan kauri da na tara babur na saya wa Yaya, na kuma yi ta yi wa Baba magiya ya daina hawa keke. Abin da na faɗa masa shi ne shekaru sun ja, gwiwa ba ta so. Abin da ke zuciyata kuwa daban ne: kunya nake ji a ce ga mahaifin wane, wanda ɗansa ke aikin ofis, yana taka feda a titin Zuru da babbar riga a naɗe. Baba ya dube ni ya ce, “To, ai kai ne babba yanzu.” Ya rataye keken. Na ɗauka na yi abin kirki. Bayan 'yan shekaru, da masu sayen jakuna suka fara yawo ƙauye-ƙauye suna taya farashin da ba a taɓa ji ba, ni ne na ba Kawu shawara ta waya ya sayar da namu, na ce ai babur yana yin duk abin da jaki ke yi. Kawu bai so ba. Ya ce mini ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Na yi dariya, na ce zamani ya wuce nan.

Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000. Wannan farashin gidan mai ke nan. A ƙauye ba gidan mai, sai ɗan bumburutu mai sayarwa a kwalba, wanda shi ma sai ya biya kuɗin zuwa gari ya ɗora ribarsa. Tun kafin wannan, matsalar tsaro ta riga ta shafa wa babur baƙin jini, domin a kansa 'yan bindiga ke yawo, goma-goma, ashirin-ashirin. A 2021 jihohin Zamfara da Neja da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka kafa dokoki na taƙaita hawan babur da hana sayar da mai a jarka, kuma ƙasar Zuru tana iyaka da biyu na farkon. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a yankin Sakaba. Tun daga lokacin, ƙarar babur da dare a ƙauyukanmu ta zama abin da ke sa mata su kwashi yara su yi daji, masu gadin gari kuma su gyara bindiga.

A cikin wannan hali ne naƙuda ta kama matar Yaya, a wani dare na watan Agusta, bayan an wuni ana ruwa. Tun la'asar ungozoma take fama, zuwa bayan isha'i ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi asibiti. Yaya ya tayar da babur, ya ga man da ke ciki ba zai kai rabin hanya ba, domin ya daɗe da komawa sayen kwalba ɗaya-ɗaya. Aka buga wa ɗan bumburutu ƙofa, ya ce rabonsa da saro mai kwana huɗu, jarinsa ya karye. Ko da an samu man, ƙoramar da ke tsakaninmu da titi ta kawo, kuma mace a wannan hali ba ta zaunuwa a bayan babur cikin taɓo. Aka kira ni a waya. Ina tsaye a tsakar gidana a birni, makullin mota a hannuna, tanki cike, tsakanina da su tafiyar sa'o'i, kuma na san ko da a bakin kwaltar nake motar ba za ta iya shiga waɗannan kilomita tara ba. Ban taɓa jin rashin amfanin abin da na mallaka kamar wannan daren ba.

Wanda ya fitar da su shi ne ɗan wancan maƙwabcin namu mai amalanke, wanda bai bar sana'ar ubansa ba, wanda samari ke yi wa ba'a suna ce masa direban shanu. Ba addininmu ɗaya da shi ba, kamar yadda gidaje da yawa suke a ƙasar Zuru, kuma bai jira an roƙe shi ba. Ya ɗaura shanunsa, aka shimfiɗa katifa, Inna ta zauna ta tallafe kanta. Wani yaro kuma ya hau keken ubansa ya yi gaba, ba ƙara ba fitila sai ta waya, ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa ƙoramar, ya je bakin titi ya tashi wani direba daga barci. Shanu sun tsallake ruwan da ya kai musu ciki. Sun isa kwalta wajen ƙarfe biyu na dare, motar tana jira. An ceto uwar. Jaririn bai zo da rai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba na cewa da jakinmu yana nan da yaron ya rayu. Ajali ba ya jinkiri, kuma jaki ba ya ɗaukar mai naƙuda. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma abin da na kasa kawar da kai daga gare shi shi ne sa'a biyu cur aka ɓata ana neman kwalbar mai kafin wani ya tuna da amalanke. Mun manta cewa akwai wata hanya. Abubuwa biyu da suka yi aiki a wannan dare, shanu da keke, su ne ainihin waɗanda ni da ire-irena muka shekara ashirin muna raina wa.

Daga ina wannan raini ya samo asali? Na tuna a 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, har ya riƙa zuwa aiki a kansa a Abuja. Wata rana motar bas ta ture shi cikin kwata, ƙasa gaba ɗaya ta fashe da dariya, maganar ta mutu a nan. Ina cikin masu dariyar, ina ɗan sakandare. Ba wanda ya tsaya ya ce abin da ya faru da ministan hujja ce a kan titunan da aka gina ba tare da tunanin mai keke ba. Mu dai mun riga mun yanke cewa abin hawa shi ne ma'aunin mutum: mai ƙafa yana ƙasa da mai jaki, mai jaki yana ƙasa da mai keke, haka har a kai ga mai jif. Alhali duk ɗalibin hadisi ya san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hau jaki, har ya goya Mu'azu ɗan Jabal a bayansa a kan wani jaki mai suna Ufairu, ya kuma goya Usama ɗan Zaidu a kan jaki ranar da ya tafi duba Sa'adu ɗan Ubada yana jinya. Suratun Nahli ta lissafa jakuna tare da dawakai da alfadarai cikin ni'imomin da aka yi wa ɗan Adam. Na san waɗannan duka tun ina makarantar Islamiyya. Sanin bai hana ni jin kunyar keken mahaifina ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Bari mu ajiye zuciya mu yi lissafi, domin maganar ba ta tausayin tsohon zamani ba ce. Mace mai ƙarfi tana ɗaukar kilo ashirin zuwa talatin a ka, jarkar ruwa mai lita 25 ke nan, tana tafiyar kilomita huɗu ko biyar a sa'a. Keke mai ƙwarin kariya yana ɗaukar ninkin wannan sau biyu ko uku, yana kuma ninka saurin mai ƙafa kamar sau uku. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, tana ƙera wani keke mai suna Buffalo musamman domin hanyoyin karkarar Afirka, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100, wato buhun masara guda. Jaki da mangala bai kai haka ba, amma idan aka ɗaura masa amalanke mai tayar mota sai ya ja buhu uku ko huɗu a hanya mai kyau, shanu biyu kuwa su ja kusan goma. Abincinsu kara ne da harawa da dusa, abin da gona ke bayarwa, kashinsu kuma ya koma gonar a lokacin da buhun takin zamani ya gagari talaka. Babur yana kai buhu biyu cikin sauri, gaskiya ne, amma kowane zuwa sai an cire kuɗinsa daga cikin kuɗin buhun, kuma kuɗin ba ya zama a ƙauye.

Wani abin da ya buɗe mini ido shi ne labarin gundumar Makete a ƙasar Tanzaniya, ita ma ƙasar duwatsu kamar tamu. A tsakiyar shekarun 1980 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shiga wani aiki a can, aka bi gida-gida ana ƙirga tafiye-tafiyen mutane. Sai aka tarar mafi yawan lokaci da ƙarfin da ake kashewa a sufuri ba a kan babbar hanya ake kashe shi ba, a cikin ƙauye ne da kewayensa: ɗebo ruwa, itacen girki, zuwa gona, zuwa injin niƙa, kusan duka a ƙafa, kuma mata ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Saboda haka aikin ya karkata ga gyaran turbobin ƙafa da ƙananan gadoji, da shigo da jakuna da baro, da kula da injinan niƙa na kusa da mutane. Da na karanta wannan sai na ga Inna. A duk shekarun da muke murnar babur, ko sau ɗaya bai ɗauke mata tulu ba. Babur na maza ne, na kasuwa ne da ziyara. Jakin da na sa aka sayar shi ne ke zuwa rafi, kuma tun ranar da ya bar gidan aikinsa ya koma wuyan mata da 'yan mata, ba wanda ya lura, domin ba su yi ƙorafi ba. Rijiyar burtsatse a tsakiyar gari ta fi kowace irin mota rage tafiya, amma ban taɓa jin an lissafa ta cikin ayyukan sufuri ba.

Su kuwa masu sayen jakunan nan, daga baya na gane inda suke kai su. Fatar ake nema. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani maganin gargajiya mai suna ejiao, kuma da jakunansu suka yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna a 2016, a watan Fabrairu na 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jakuna domin fata a faɗin nahiyar. Jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, don haka abin da aka kwashe cikin shekara biyar ba ya dawowa cikin shekara biyar. Da muka je neman wani a ƙarshen 2023, kuɗin da aka faɗa mana ya sa Kawu ya juya kawai ya kama hanyar gida. Bai ce mini komai ba, kuma da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne a koma zamanin da ya wuce a zauna. Akwai abin da keke ba zai taɓa yi ba. Hawan duwatsunmu da buhu a baya aikin saurayi ne, yashi da rani yana kafe taya, taɓo da damina yana cika madigadi. Shanun noma kuma su ne farkon abin da ɓarayin daji ke kora, har manoma da yawa sun sayar da nasu don tsoro, wasu ma sun bar ƙauyukansu ɗungurungum. Matar Yaya, bayan amalanke, mota ce ta ƙarasa da ita, kuma da babu motar da wani labarin nake ba ku. Abin da nake cewa shi ne kowane zango da abin da ya dace da shi. Daga gona zuwa gida, jaki da amalanke. Daga gida zuwa makaranta ko kasuwar kusa, keke. Daga bakin titi zuwa Zuru ko Kontagora ko Birnin Kebbi, motar haya wadda mutum goma ke raba kuɗin manta. A wasu jihohin Arewa, ciki har da Katsina da Zamfara da Yobe da Adamawa, an yi wani tsari da ƙungiyar direbobi ta NURTW, inda ake horar da direbobin tasha su zama masu kai mata masu naƙuda asibiti a kowane lokaci, ana ba jama'a lambobinsu tun kafin buƙata ta taso. Wannan ba ya buƙatar sayen motar asibiti ko ɗaya. Yaron da ya je ya tashi direba a daren nan sa'a ya taka, ƙofa uku ya buga kafin a buɗe.

Maganar 'yan mata da makaranta ita ce na fi yin taka-tsantsan da ita. A jihar Bihar ta Indiya, a 2006, gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bibiyi shirin suka tarar shigar 'yan mata sakandare a kan shekarunsu ya ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma amfanin ya fi bayyana a ƙauyukan da makaranta ke da ɗan nisa. A Burkina Faso ma, mata da lulluɓinsu da goyonsu suna hawan keke zuwa kasuwa, ba wanda ke waiwaye. Amma na san abin da uba zai ce mini a ƙasarmu, musamman bayan ɗalibai mata 25 da aka sace daga makarantar kwana ta Maga a watan Nuwamba na 2025, ko da yake Allah Ya kuɓutar da su bayan kamar mako guda. Zai ce hanyar ce ba ta da aminci. Ba ni da amsar da za ta gamsar da shi gaba ɗaya. Abin da na sani shi ne yarinyar da ke tafiyar sa'a ɗaya da rabi a ƙafa ta fi daɗewa a kan wannan hanyar fiye da wadda ke yin rabin sa'a a keke cikin ayarin 'yan'uwanta, kuma wadda ke iya zuwa ta dawo kullum ba ta buƙatar kwana a makaranta.

Ana ta maganar babura da kekuna masu aiki da lantarki, kuma ba na raina su. A gundumar Wedza ta Zimbabuwe, tun 2019, mata manoma suna haɗa kai su yi hayar wani keke mai ƙafa uku da ake kira Hamba, wanda ake cajin batirinsa da hasken rana, suna kai kayan gona kasuwa. Rana ba ta yi mana rowa ba, kuma a ƙauyukanmu an riga an saba da shagon cajin waya mai farantin sola. Sai dai na koyi tsoron duk abin da in ya lalace sai an jira kayan gyara daga Legas. A 2020 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 280 domin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, Kebbi tana cikin jihohin da ke ciki. Fatana ga masu irin wannan aiki shi ne su riƙa tambayar mata inda ƙafarsu ta fi bi kafin su zana hanya. Sau da yawa abin da ya raba ƙauye da duniya kwalbati ɗaya ne a kan ƙorama ɗaya, wanda kuɗinsa bai kai na kilomita guda na kwalta ba. Mutanen da suka gaji golmo, inda samari ke haɗuwa su shekara da shekaru suna noma gonar surukai, ba sa buƙatar a koya musu aikin gayya. Dutse muna da shi, hannu muna da shi, siminti da rodi da injiniya ɗaya ne suka gagare mu.

Da na je gida ta'aziyyar jaririn, bayan kowa ya watse, na sa kujera na sauko da keken Baba. Na kakkaɓe gidan zanzaron, na tura shi a ƙafa har bakin titi, domin mai facin da ke ƙauyenmu ya daɗe da komawa gyaran babur, ya ce ko sifana irin ta keke ba shi da ita. A Zuru na samu wani dattijo a gefen kasuwa wanda bai bar sana'ar ba. Ya juya keken, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, ya ce, “Alhaji, wannan ai zai binne ni da kai.” Ya sa sababbin tayoyi da tiyub da kaca da robar birki, kuɗin duka bai kai na cika tankin motata sau ɗaya ba. Ya gaya mini cewa tun da mai ya tashi aiki ya dawo masa, har ya ɗauki yara biyu, amma kayan gyara masu kyau sun yi wuya, na yanzu wata uku sun gaji.

Na hau shi na koma gida, kilomita taran nan da ƙarin kwalta. Gwiwoyina sun yi kwana uku suna ba ni labari. A hanya na gamu da wani abokin karatuna a kan babur, ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya, ko motar ce ta lalace. Na ji tsohuwar kunyar nan ta taso mini har wuya, na kusa cewa e. Na ce masa lafiya lau, keken Baba ne.

Yanzu babbar 'yar Yaya ce ke hawansa zuwa makarantar jeka-ka-dawo, ita da wasu yara huɗu na unguwarmu suke tafiya tare, an sauke mata sirdin har ƙasa. Da yamma ƙanenta yana ɗaura masa jarka biyu ya je rafi. Gidaje shida mun yi adashe mun sayi amalanke mai tayar mota, muka damƙa wa direban shanun, da sharaɗin duk daren da aka buga masa ƙofa don mara lafiya ba maganar kuɗi, kuma an rubuta lambobin direbobi uku na bakin titi da gawayi a bangon zauren, daidai inda keken yake rataye a da. Jaki dai har yau ba mu samu ba. Ƙoramar ma tana nan yadda take. Mun tara duwatsu a bakinta tun rani biyu da suka wuce, mun rubuta takarda mun kai inda ya kamata, an ce mu saurara, kuma ruwan bara ya tafi da kusan rabin duwatsun.